Sankara a Goro, Ƙwaro a Kwamfuta

A watan Maris na 2009, tireloli goma sha ɗaya maƙare da masara suka kwana huɗu a ƙofar wani kamfanin abincin kaji da ke kan hanyar Abeokuta, gaba da Agege kaɗan. Daga Funtuwa da Dawanau masarar ta taso, kuma direbobin da masu kayan kusan duk mutanenmu ne. Sikelin da mota ke hawa lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar da ke karɓar nauyi daga sikelin ta buga takardar shaida ce ta tubure. Da akawu ya danna a buga, sai manhajar ta faɗi, allo ya koma baƙi da ɗan rubutu layi guda. Kamfanin kuwa ba ya biya sai da wannan takarda. Ga hadarin farkon damina ya soma haɗuwa, ga masara a ƙarƙashin tamfol.

Bayan isha'i wani Alhaji, aminin marigayi mahaifina, ya yi sallama a gidanmu da ke Zango. Biyu daga cikin motocin nan kayansa ne. Na durƙusa na gaishe shi, bai ko zauna ba ya ce, "Ɗana, an ce kai ne ke duba cikin waɗannan abubuwa. Ka je ka duba mana, jarin mutane na can a titi." Na ce, "To, Baba, in Allah ya kai mu, ina idar da asuba zan tafi."

Abin da na tarar a wani ɗan ɗaki kusa da sikelin shi ne kwamfuta mai furosesa Pentium, jikinta da ya fito fari ya koma ruwan ɗorawa, ƙurar dusa ta toshe mata fanka. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita SCO OpenServer 5 ce, wani reshe na Unix da ya fito a 1995. Wanda ya rubuta musu manhajar sikelin a 1996 ya daɗe da barin ƙasar. Allah ya saka masa da alheri, ya bar asalin rubutunsa na harshen C a cikin injin, da tsohuwar GCC da ya harhaɗa ta da ita. Abin da bai bari ba shi ne kayan leƙa cikin manhajar yayin da take tafiya. Kwana uku na yi ina ƙera wannan kayan, kuma a kwana ukun nan ne na gane cewa sana'ar da nake yi ta girme ni a unguwarmu da shekaru masu yawa.

Goro ne ya kafa Zangon Agege. A da can fatakenmu Gwanja suke zuwa, su yi watanni a hanya da jakuna har Salaga, su ɗauko goron ƙasar Asante. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 sai hanyar ta rikice, goro ya fara biyo teku daga Ankara, wato Accra, zuwa Ikko, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Legas. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi amfani da jirgin ruwa a wannan fatauci tun farkon ƙarni na 20. Sai ga jirgin ƙasa: an fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901, aka haɗa shi har Kano a 1912. Agege tasha ce a kan wannan layi. A daidai lokacin kuma manoman yankin, irin su J. K. Coker mai gona a Ifako da abokansa da suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907, suna dasa koko da goro, har irin goron Gwanja ya kama ƙasar Yarbawa daga Agege da Ota zuwa Shagamu. Goron da ake tafiyar wata uku a nemo ya dawo bakin dogo. Ina dalilin da zai hana Bahaushe zama a nan?

Kakana ya zo daga Bebeji yana saurayi, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Bai zo da Yarbanci ko kalma ɗaya ba, kuma ba ya bukata, domin tsarin Zango ya tanadi wannan. Baƙo ba ya shiga daji ya sayi goro da kansa. Wurin maigida yake sauka. Maigida ne ke ba shi masauki, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke tura yaransa wurin matan Yarbawa da ke sayo goro daga gonaki su ɓare su wanke, shi ne kuma ke tsaya masa idan an samu saɓani. Duk abin da baƙo ke so daga kasuwa, ta hannun maigida zai bi. Wannan tsari yana da jinkiri, amma yana hana ɓarna, kuma na roƙi mai karatu ya riƙe shi a zuciya don zan dawo kansa.

Daga baya kakana shi ma ya zama maigida. Na riske shi da tsufa, idonsa ya yi rauni, amma hannunsa bai manta ba. Abin da na fi tunawa shi ne ranar buɗe huhu. Goro abu ne mai rai, ba a ɗaure shi a manta da shi. Lokaci lokaci sai an kwance igiya, a yaye ganyen fita, a zube goron a kan tabarma, a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a sauya ganyen da ya bushe. Abin da ake nema shi ne sankara. Ƙwaron yana shiga ta ɗan hudar da ba ta kai kan allura ba, ya ci cikin, waje kuwa ja jawur kamar ba komai. Kaka zai ɗauki goro ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai shi kusa da kunne wani lokaci, ya ajiye gefe. In na ce, "Kaka, ai wannan lafiyarsa lau," sai ya miƙo mini ya ce, "Fasa ka gani, maigidana." In na fasa sai in ga baƙar hanya da ƙwaron ya bi. Guda ɗaya in aka bar shi, ƙwarya guda zai lalata, daga nan huhun gaba ɗaya. Bai taɓa zubar da huhu don an ga sankara ba. Ya kan zauna ne har sai ya gano wanne.

Mahaifina bai gaji goro ba. Rediyo ya kama. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, kuma Bahaushen da ke kurmi ba shi da abin da ke haɗa shi da gida kamar akwatin rediyo mai gajeren zango, ya kamo Landan, ya kamo Kaduna. Baba ya koyi gyara a wurin wani Bayarabe a Mushin, ya buɗe ɗan shago kusa da layin dogo. Ya fara da manyan akwatunan Grundig da Philips masu kwalaben wuta a ciki, waɗanda sai sun ɗumama kafin su yi magana, ya zo ga ƙananan National masu batir, ya ƙare da rikoda da bidiyo. In an ɗauke wuta, a kan risho yake ɗora ƙarfen dalma ya yi zafi. Har gobe in na ji ƙanshin dalma tana narkewa, shagon nan nake gani.

Yana da wata dabara da na daɗe ina ɗauka wasa ce. In an kawo rediyon da ta yi shiru, sai ya kunna ta, ya ɗauki sukuddireba ya riƙe ƙarfen da yatsa, ya taɓa ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara murya. In lasifika ta yi gurnani, ya san daga nan zuwa lasifika lafiya, cutar tana baya. In ta yi shiru, cutar tana gaba. Da taɓawa ɗaya ya raba rediyon biyu ya sallami rabi. Haka zai yi ta rabawa har ya tsaya kan abu guda. Shekaru bayan haka, a Kwalejin Fasaha ta Yaba, malami ya koya mana wannan hanya da suna na Turanci da zane a allo. Na zauna ina kallonsa ina tuna hannun Baba.

Rabin aikinsa kuma ba gyara ba ne, sulhu ne tsakanin kaya da ƙasa. Kayan tokunbo daga Amurka wuta 110 suke ci, tamu ta haura 200, sai an haɗa musu taransifoma. Kaset ɗin bidiyo na tsarin NTSC ba ya fita da launi a talabijin ɗinmu na PAL. Filogi mai ƙafa biyu, soket mai rami uku. Ba a ƙera komai don mu ba, kuma ba mu taɓa samun sabo da tsoho sun zo a jere ba. Wanda ya iya sa su su fahimci juna, shi ke da abinci.

Ni kuma titin Otigba ne ya raine ni. Daga Agege zuwa Ikeja tafiyar ɗan lokaci ce a danfo in hanya ta yi kyau. Lokacin da na fara zuwa, wajen ƙarshen shekarun 1990, unguwar zama ce da ofisoshi, sai 'yan shaguna da ke sayar da kayan kwamfuta. A lokacin layukan tarho na Najeriya gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Da wayar salula ta GSM ta zo a watan Agustan 2001, sai wurin ya fashe: Otigba, Pepple, Ola Ayeni, duk gidajen kwana suka koma shaguna, aka sa masa suna Computer Village. Ibo da Yarbawa ne suka fi yawa, amma yaranmu na Agege sun shiga, wasu canji, wasu sayar da waya, wasu gyara, kuma da yawa daga masu shago a Farm Centre ta Kano a nan suke sari.

Masu gyaran manhajar waya suna da akwatuna ƙanana, irin su UFS da JAF, da tarin kebul, kowace Nokia da nata. Da su ake shiga cikin waya ta wata ƙofar baya da masana'anta suka bari don kansu, a goge manhaja a sake zuba wata. Waɗannan akwatuna Windows XP suka sani. Microsoft ta daina kula da XP a watan Afrilun 2014, amma ka shiga shagunan bayan wannan shekara za ka ga tsohuwar kwamfuta a lungu, an rufe ta da ƙyalle, ba mai taɓa ta sai oga. Baƙo zai ce ci baya ne. Ni na san dalili: ita kaɗai ke jin yaren akwatin, akwatin kuma shi kaɗai ke jin yaren wayar da talaka ya kawo.

To, ita kanta sana'ar farautar kuskure a kwamfuta tana da nata tarihin. Turawa da harshensu ƙwaro suke ce wa kuskuren na'ura, tun kafin a yi kwamfuta. A ranar 9 ga Satumban 1947, masu aiki da na'urar Mark II a Jami'ar Harvard, cikin ayarin da Grace Hopper ke aiki, suka ciro wani ɗan malam-buɗe-littafi na dare da ya maƙale a cikin na'urar, suka manna shi a littafin aikinsu. Littafin yana gidan tarihi a Washington har yanzu. Ranar da na fara jin wannan labari, sankarar Kaka na tuna. Manhajar da ake farautar ƙwaron da ita kuwa, dibaga muke ce mata a bakin aiki. Aikinta ta tsayar da wata manhaja tana tsakiyar gudu, ta leƙa abin da ke ƙwaƙwalwarta, ta sake ta ta yi taku ɗaya, ta sake tsayar da ita.

Sai dai akwai katanga. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969, kowace manhaja mai gudana tana da ɗakinta, kuma ba a yarda wata ta leƙa ɗakin wata ba. Da an yarda, da kowa ya karanci sirrin kowa. Mai iko da dukkan ɗakunan shi ne kanel, zuciyar babbar manhajar, wato maigida. Dibaga baƙo ce. Duk abin da take so daga ɗakin wata, ta hannun maigida za ta bi. Ƙofar da aka tanada don wannan roƙo sunanta ptrace, kuma ta fara bayyana a Unix bugu na shida, a 1975, a kan na'urar PDP-11.

Ƙofa ce 'yar ƙarama. A bugu na bakwai roƙo goma take karɓa, daga sifili zuwa tara: karanto mini kalma ɗaya, rubuta mini kalma ɗaya, sake shi ya ci gaba, kashe shi, bar shi ya yi taku ɗaya. A asalinta uwa ce kaɗai ke iya bin diddigin ɗanta, wato dole dibaga ce za ta haifi manhajar da za ta bincika, kuma sai ɗan ya fara furta roƙo na sifili, ma'ana na yarda a bi ni. Kalma ɗaya a kowane roƙo: bayit biyu a PDP-11, bayit huɗu a injin Intel 386 da 'yan bayansa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda tsohon kanel ke cika roƙon. Ba ya shiga ɗakin da kansa. Ajiye saƙon yake a wuri guda, ya tada ɗan da aka tsayar, ɗan ya karanto kalmar da hannunsa ya ajiye, ya koma barci, sannan a tada uwar ta ɗauka. Kamar a aiki yaro kasuwa ya sayo goro ɗaya, ya dawo, a sake aikensa, har a cika ƙwarya.

A kan wannan ƙofa aka gina adb ta Stephen Bourne da ta zo da bugu na bakwai a 1979, da dbx da Mark Linton ya rubuta a Berkeley, da GDB da Richard Stallman ya fitar a 1986 kyauta ga kowa. Jinkirin ya dami mutane. A 1984 Tom Killian na Bell Labs ya kawo wata hanya, inda kowace manhaja mai gudana ke bayyana kamar fayil a wani kundi mai suna /proc, ka buɗe ka karanta iya son ranka a tashi ɗaya. Roger Faulkner da Ron Gomes suka faɗaɗa ta a System V bugu na huɗu. Nan gidan Unix ya rabu: wasu suka bi sabuwar ƙofa, wasu suka zauna kan tsohuwa suna ƙara mata roƙe-roƙe, kowa da lambobinsa. SCO ta injin da ke gabana daga System V bugu na uku ta fito, 'yar tsohuwar ƙofa ce. Masu kula da GDB kuwa sun cire sashen da ke magana da SCO a 2007, domin babu mai kula da shi. Ban ga laifinsu ba. Masu aikin sa kai ne, kuma ba su san akwai tireloli a hanyar Abeokuta ba.

Ranar farko na samo wata tsohuwar GDB ta SCO a shagon intanet, na kai ta injin, ta kasa karanta bayanan manhajar. Sabuwa kuma tana kan laftof ɗina mai Linux, ta iya karanta komai amma ba ta san ƙofar ba. Da dare ina kwance sai tunanin tafinta ya zo mini. GDB tana da wani sauƙaƙan yare da take magana da injin da ke nesa ta waya. Kowane saƙo yana farawa da alamar dala, ya ƙare da alamar # da lambobi biyu na tabbatarwa. Harafin g yana nufin ba ni rajistoci, m karanto ƙwaƙwalwa, M rubuta, c ci gaba, s taku ɗaya. Ashe ba sai na ɗauke GDB gaba ɗayanta na cusa a tsohon injin ba. Ɗan ƙaramin shiri kawai zan rubuta ya zauna a can, ya ji yaren GDB ta kunne ɗaya, ya juya shi zuwa roƙon ptrace.

Sikelin ya riga ya kama mashigar siriyal ta farko, saura ta biyu. Na sayo kawuna biyu masu ƙafa tara a Otigba, na ɗauko ƙarfen dalman Baba da ke cikin akwatinsa, na haɗa waya: ƙafa ta biyu ta wannan zuwa ta uku ta wancan, ta uku zuwa ta biyu, ta biyar zuwa ta biyar. Bakin wannan a kunnen wancan ke nan. A gudun 9600, haruffa wajen 960 ke wucewa a daƙiƙa. Ya ishe ni.

Karatu da rubutu ba su ba ni wahala ba, sai dai haƙuri: in GDB ta nemi bayit 1024, tafintana sai ya ƙwanƙwasa ƙofa sau 256. Kafa tarko ma akwai ladabinsa. A injin Intel, in kana so manhaja ta tsaya a wani wuri, sai ka cire bayit ɗaya na umarnin da ke wurin ka sa 0xCC. Amma ƙofar ba ta karɓar bayit ɗaya, sai huɗu. Dole ka karanto huɗun, ka sauya ɗaya, ka mayar da su tare, in ba haka ba ka ɓata maƙwabta uku. In manhajar ta taka tarkon, kanel zai tsayar da ita da sigina ta 5, a mayar da ita baya taku guda, a maido bayit ɗin asali, sannan ta wuce.

Rajistoci ne suka hana ni barci. Su ne 'yan aljihunan da ke cikin furosesa, inda take riƙe abin da take yi a wannan ƙiftawar ido. Hanyar da na bi ita ce ta tsofaffi: ka nemi roƙo na uku, ka leƙa takardun da kanel ke ajiyewa game da manhajar, ka samo wani manuni mai suna u_ar0, shi zai nuna maka inda aka jibge rajistocin lokacin da aka tsayar da ita. GDB tana son guda 16 a jerinta, kanel kuma ya jera su a nasa, sai ka yi jadawali. Na yi, na gwada, GDB ta nuna mini inda manhajar ta tsaya daidai, amma da na tambaye ta ta wace hanya aka iso nan, sai ta zubo shirme. Tun la'asar nake abu ɗaya har masu gadi suka kunna fitila. Wani direba ɗan Malumfashi ya leƙo ta taga da shayi a kofi ya ce, "Malam, a sha a ji ƙarfi. Mu dai muna ta addu'a." Ina shan shayin na sake buɗe fayil ɗin reg.h na injin ina bi layi layi da yatsa, sai na ga abin. Suna biyu ne masu kama da juna, ESP da UESP. Na farkon na kanel ne, na biyun shi ne na manhajar. Na ɗauki na maigida a matsayin na baƙo. Harafi ɗaya na ƙara.

Da safiyar rana ta uku na sa akawun ya zauna a kujerarsa, aka hau da motar farko kan sikeli, na ce ya danna kamar kullum. Manhajar ta faɗi da sigina ta 11, amma wannan karon tana hannuna, ba ta ɓace ba. Na bi sawunta baya, aiki uku, na iso inda take neman gurbin da za ta rubuta sabuwar takarda a fayil. Na ce GDB ta nuna mini lambar takardar. Ta rubuto -32768.

Na jingina da kujera na yi hamdala. Mai manhajar ya ware wa lambar takarda bayit biyu, kuma babbar lambar da bayit biyu masu alama ke ɗauka ita ce 32,767. Shekara 13 ana auna motoci, ɗaya bayan ɗaya, har aka cika. Takarda ta gaba sai lambar ta kifa ta koma ƙasa da sifili, manhajar ta nemi gurbi kafin farkon fayil, kanel ya ce babu, ita kuma ba ta duba amsar ba ta ci gaba da abin da ba shi nan. Na tambayi akawun lambar takardar ƙarshe da ya buga. Ya buɗe fayil ɗinsa na kwali ya karanto: 32767. Kwana bakwai amsar tana kan teburinsa. Ba na zargin wanda ya rubuta manhajar. A 1996 wa zai ce masa aikinsa zai kai 2009 yana ɗauke da abincin gidaje? Aikin da ba shi da kyau ba ya daɗewa har ya cika lambarsa.

Manajan, wani dattijo Bayarabe, ya so in faɗaɗa lambar ta zama bayit huɗu a huta. Na ce, "Oga, in na yi haka sai na sauya fasalin duk takardun shekara 13 da ke cikin fayil, kuma motoci na jira." Abin da na yi shi ne na cire wa lambar alama, ta zauna a bayit biyunta amma ta iya kaiwa 65,535, na gyara wuraren da ake buga ta, na kuma sa manhajar ta riƙa duba amsar kanel kafin ta wuce. Kafin azahar firintar ta fara kukanta, takarda mai lamba 32768 ta fito.

Abokaina na Otigba sun ce wahalar banza na yi, da na sa kamfanin ya sayi sabuwar kwamfuta da na ci riba ninki. Wataƙila. Amma sabuwar manhaja wata uku za ta ɗauka, masara kuma ba ta jiran wata uku a ƙarƙashin tamfol. Kuma ita tsohuwar ƙofar da ake rainawa ba ta mutu ba. Linux da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 ta ɗauki ptrace ta ƙara mata ɗakuna, kuma kanel ɗin Linux ne ke cikin kowace wayar Android. Wayar da ke aljihun mai shayin Pen Cinema tana ɗauke da ƙofar 1975, da sunanta. A Agege ma ido na gani: tsohon dogo mai faɗin milimita 1,067 da ya kawo kakana, da sabon mai 1,435 da aka buɗe zuwa Ibadan a 2021, a hanya guda suka ratsa unguwar, kuma jirgin wannan ba ya hawa na wancan.

Da yamma Alhaji ya zo gida da goro ƙwarya guda, daushe, a naɗe cikin ganye. Na ce, "Baba, ai kamfani ya biya ni." Ya ce, "Wannan ba naka ba ne, na tsohuwa ne." Na kai wa Inna, ta kwance ta zube shi a faranti tana juya su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta ga surukinta yana yi.

Kafin in bar ɗakin sikelin a ranar, na bar tafintan a cikin injin, layi ɗari shida da 'yan kai, na naɗe wayar da na haɗa na ɗaure ta a bayansa da roba. Na yagi takarda na rubuta da Turanci da Hausa cewa lambar takarda za ta sake cika a 65,535, da sunan fayil ɗin da za a duba, da yadda ake haɗa wayar, na manna a gefen injin da salatif.